Kuɗin Fito da Baƙo a Kogin Tems: Waiwaye a Kan Tarihin Masu Fito na Birnin Landan

Gabatarwa

Kalmar fito tana daga cikin kalmomin Hausa da suka yi nisa da inda suka taso. Asalin ma'anarta shi ne ƙetarar da mutum ko kaya daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan. Wanda ke wannan sana'a shi ne mai fito, abin da ake ba shi kuwa kuɗin fito. A yau in aka ce kuɗin fito, abin da zai fara faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne harajin da ake biya a kan kayan da aka shigo da su daga waje. Wannan maƙala da ma'anar farko za ta yi aiki. Za ta bi diddigin yadda aka yi ta biyan kuɗin jirgi a Kogin Tems, wanda ya ratsa birnin Landan, tun daga ƙarni na 16 har zuwa yau, tana mai da hankali a kan baƙo. Dalili kuwa shi ne ɗan gari ya san farashi, ya san mashiga, ya kuma san wanda zai kai wa ƙara. Baƙo bai san ko ɗaya ba, don haka da shi ne za a fi gane ko dokar da aka kafa tana aiki.

Akwai wani sauƙi da mai rubutu da Hausa yake samu a nan. Kuɗin da Ingila ta yi amfani da su har zuwa 1971 su ne irin waɗanda aka yi amfani da su a Nijeriya kafin zuwan naira a 1973, kuma Hausa ta riga ta raɗa musu sunaye: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, kwabo 3 taro, kwabo 6 sisi, kwabo 9 nai, rabin kwabo kuma ɗari. Da waɗannan sunaye za a ambaci farashi, tare da tuna cewa sisin ƙarni na 17 ya fi sisin zamanin Turawa a ƙasar Hausa nauyi nesa ba kusa ba.

Lokacin da kogi yake titi

Tun daga 1209, lokacin da aka gama Gadar Landan ta dutse, har zuwa 1750 da aka buɗe Gadar Westminster, babu wata gada a cikin birnin sai ita kaɗai. Titunan kuwa matsattsu ne, ga taɓo, ga cunkoso. Saboda haka wanda ke son zuwa fadar sarki a Westminster daga tsakiyar birni, ko ƙetarawa kudu, sai ya gangara ɗaya daga cikin matakalan da aka jera a bakin ruwa ya ɗauki kwale-kwale. John Stow, a littafinsa na bayanin birnin Landan na 1598, ya ƙiyasta cewa akwai ƙananan jirage wajen 2,000 da ke ciyar da talakawa aƙalla 3,000.

Sana'ar da jama'a ba su da makawa daga gare ta, ba a daɗewa hukuma take sa mata hannu. A 1514, zamanin Sarki Henry na 8, Majalisar Dokoki ta yi dokar da ta yanka kuɗin fito. A 1555 aka yi wata wadda ta fi ta faɗi. Ita ce ta sa Magajin Garin Landan da dattawan majalisarsa su riƙa naɗa mutum 8 daga cikin masu fito su shugabanci sauran, daga nan ne kuma Ƙungiyar Masu Fito ta samo asali. Dokar ta ƙayyade tsawo da faɗin jirgi, domin an lura ana sassaƙa jirage sirara marasa zurfi da ke kifewa da mutane. Ta kuma tanadi tarar sule 40 da ɗaurin wata 6 ga wanda ya karɓi fiye da abin da aka yanka. A 1603 aka mai da wa'adin koyon sana'ar shekara 7, a 1700 kuma aka haɗa masu jiragen dakon kaya cikin ƙungiyar.

Ya kamata a lura da inda wannan ƙungiya ta bambanta da sauran ƙungiyoyin sana'a na Landan. Maƙera da masaƙa da 'yan kasuwa su ne suka haɗa kansu suka nemi izinin sarki don kare moriyarsu. Masu fito kuwa Majalisa ce ta ɗaure su wuri guda don kare fasinja daga gare su, da kuma don gwamnati ta san inda za ta samo matuƙa in yaƙi ya tashi, gama a kan kwashe su tilas a kai jiragen yaƙi.

Abin da baƙi suka gani

Shaidar da ta fi daɗin karatu a kan wannan zamani daga baƙi ta fito, domin ɗan gari ba ya rubuta abin da ya saba gani kullum. Thomas Platter, wani matashi ɗalibin likitanci daga Basel ta ƙasar Suwizalan, ya ziyarci Landan a 1599. Ya rubuta cewa ranar 21 ga Satumba, bayan cin abincin rana, shi da abokan tafiyarsa sun ƙetare kogin sun kalli wasan kwaikwayo a kan Julius Caesar, wanda masana da yawa ke ganin na Shakespeare ne a dandalin Globe da aka gina a shekarar. Ya yaba jiragen, ya ce an shimfiɗa musu matasai masu ado, mutum biyu ke zama a benci guda, wasu ma an yi musu rumfa, kuma fasinja yana da ikon zaɓen wanda ya kwanta masa a rai.

Wannan ikon zaɓe ne César de Saussure, wani ɗan Suwizalan ɗin daga Lausanne wanda ya iso Landan a 1725, ya bayyana yadda ake yinsa. Da mutum ya doshi matakala sai masu fito su yi masa caa, kowa na kiran irin jirginsa, ba za su daina ba sai ya nuna ɗaya da yatsa. Da ya nuna kuwa, sai sauran su haɗu su yi ta zuba wa wanda aka zaɓa ashar. Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota ya faɗa hannun 'yan kamasho ba ya bukatar ƙarin bayani. Saussure ya kuma lura da cewa kowane jirgi yana da lamba, ta yadda wanda aka ci wa mutunci ko aka cuta zai iya kai ƙara.

Jiragen iri biyu ne, kuma kiran da ake yi shi ne sanarwar farashi. Akwai mai matuƙa biyu, akwai mai matuƙi ɗaya da ke jan filafilai biyu shi kaɗai, kuɗinsa rabin na farkon. Ned Ward, a cikin littafinsa na barkwanci The London Spy wanda ya fara fitowa a 1698, ya yi wasa da wannan kira: kalmar Ingilishi ta filafilai tana kama a kunne da kalmar karuwai, ta matuƙi ɗaya kuma tana kama da kalmar ɗalibai, sai baƙon da ke cikin labarin ya ɗauka wani tallan banza ake yi masa. Raha ce, amma tana nuna cewa tun kafin a kai ga kuɗi, baƙo yakan fara yin tuntuɓe ne da harshe.

Farashin kansa an buga shi a jadawali, littattafan jagorar baƙi na ƙarni na 18 kuma sun yi ta maimaita shi. Daga Gadar Landan zuwa Westminster sisi ne a jirgi mai matuƙa biyu, taro a mai matuƙi ɗaya. Ƙetarawa kai tsaye daga gaɓa zuwa gaɓa kwabo 2 ne a mai matuƙi ɗaya. A tafiya mai nisa kuwa akwai shata, akwai kuma shiga cikin jama'a: zuwa Greenwich shata sule da sisi, cikin jama'a taro, zuwa Gravesend shata sule 4 da sisi, cikin jama'a nai. A takarda ke nan. A bakin ruwa, musamman da dare ko in hadari ya haɗu, wanda bai san jadawalin ba sai abin da aka ce masa. Ba kuma duka laifin ne yake kan mai fito ba. Ba a cika sabunta jadawalin ba, alhali kuɗin burodi da na haya suna hawa, musamman a ƙarshen ƙarni na 18. Mutumin da doka ta hana shi ƙara wa ɗan gari kwabo, a kan baƙo zai fanshe, ko ta hanyar roƙon tukuici ko ta hanyar tsawa.

Akwai wani abu kuma da jadawali bai faɗa wa baƙo ba, wato hatsarin bi ta ƙarƙashin tsohuwar gada. Ginshiƙanta masu kauri sun tare ruwa kamar madatsa, har in ruwan teku ya janye a kan sami tazarar ƙafa da dama tsakanin ruwan sama da na ƙasa. Masu hankali sukan sauka a matakalar Old Swan, su taka da ƙafa zuwa Billingsgate, su sake shiga jirgi a can. Samuel Pepys, wanda ya rubuta littafin abubuwan da suka faru da shi kullum daga 1660 zuwa 1669, yakan yi haka. Mutanen Landan har karin magana suka yi a kai, mai nuna cewa masu wayo ta saman gadar suke bi, wawaye ta ƙasanta.

Karusa, gada da tururi

Masu fito sun san abin da zai kashe musu kasuwa, kuma sun yaƙe shi ɗaya bayan ɗaya. Bakinsu a farkon ƙarni na 17 shi ne John Taylor, mai fito kuma mawaƙi, wanda ya rayu daga 1578 zuwa 1653. Bayan gobarar dandalin Globe a 1613, shi ya kai kukansu cewa kada a bar 'yan wasan kwaikwayo su koma arewacin kogi, domin masu zuwa kallo su ne rabin cinikinsu. Ya yi da'awar cewa mutum 40,000 ke cin abinci da filafili tsakanin Windsor da Gravesend, adadin da ya fi kama da na mai neman a tausaya masa in aka gwada shi da na Stow. A 1623 ya fitar da wani ɗan littafi yana tsine wa karusa. Bai hana komai ba, domin a 1634 aka kafa tashar karusan haya ta farko a titin Strand.

Da gada ma haka suka yi. An kawo shawarar gina gada a Westminster tun 1664, masu fito da hukumar birni suka taru suka kashe maganar. Amma a 1729 aka gina ta Putney, a 1750 ta Westminster, a 1769 ta Blackfriars, sannan Vauxhall a 1816, Waterloo a 1817, Southwark a 1819. An biya diyya a wasu lokuta, musamman saboda fiton ranar Lahadi, wanda ribarsa ake tara wa tsofaffin masu fito da matan da mazansu suka mutu. Diyya dai ba ta dawo da fasinja. Ko ƙanƙara in ta daskarar da kogin, kamar a 1814, masu fito sukan tsaya a mashiga su karɓi kuɗi daga masu son taka ƙanƙarar, suna ganin kogin nasu ne ko yana gudu ko ya sandare.

Abin da ya gama da su shi ne tururi. A 1815 jirgin tururi mai suna Margery ya fara jigila tsakanin Landan da Gravesend. Kafin shekara 30 jiragen tururi sun cika tsakiyar birni, suna ɗaukar mutum a kan kwabo ɗaya, igiyar ruwan da suke tayarwa kuma tana kifar da ƙananan jirage. A nan ne biyan kuɗin jirgi ya canja kama baki ɗaya. An daina ciniki da mutum ido da ido, aka koma sayen tikiti a rumfa a kan farashi guda ga kowa. Ga baƙo wannan ci gaba ne babba, domin ba ya bukatar sanin harshe ko jadawali. Sai dai gasar rage farashi ta zo da nata sharrin. Wani kamfani ya saukar da kuɗin zuwa ɗari, wato rabin kwabo, a jiragensa uku, Ant da Bee da Cricket. Ranar 27 ga Agusta 1847 tukunyar Cricket ta fashe a mashigar Adelphi, mutane suka hallaka, bincike kuma ya nuna an saba ɗaure mafitar tururin don jirgin ya ƙara gudu. Lokacin da Henry Mayhew ya zaga yana hira da talakawan Landan a wajejen 1850, masu fiton da ya tarar sun zama abin tausayi, suna zaune a matakala yini guda ba fasinja.

Mafi munin abin da ya faru shi ne na ranar 3 ga Satumba 1878. Jirgin shaƙatawa Princess Alice yana dawowa daga Sheerness da Gravesend cike da masu yawon shan iska, waɗanda suka biya kimanin sule 2, sai jirgin dakon gawayi Bywell Castle ya sare shi kusa da Woolwich, daidai inda ake sako ƙazantar birni cikin kogi. Mutum tsakanin 600 da 700 suka mutu. Dalilin da ya sa har yau ba a da tabbataccen adadi shi ne ba a rubuta sunayen fasinja ba, ba a ma ƙirga su ba. Tikitin ya tabbatar da an biya, bai tabbatar da wanda ya shiga ba.

Daga nan kogin ya yi ta rasa matafiya na yau da kullum. Warin da ya addabi birnin a 1858 ya riga ya kore wasu, jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya bi gaɓar arewa daga 1870 ya kwashe saura, sannan tsakanin 1878 da 1880 aka soke kuɗin da ake biya a gadoji. Wannan sokewa ta haifar da wani abu mai ban sha'awa. Mutanen Woolwich sun ce da harajinsu aka sayi gadojin yammacin birni aka mai da su kyauta, alhali su ba su da gada. Aka ga gaskiyarsu, aka buɗe musu jirgin fito na kyauta ranar 23 ga Maris 1889, kuma har yau ba a biyan ko kwabo a cikinsa. Majalisar Gundumar Landan ta gwada farfaɗo da jigilar a 1905 da jiragen tururi 30 tsakanin Hammersmith da Greenwich, amma hasara ta sa ta janye a 1907. Wani yunƙurin mai suna RiverBus da aka fara a 1988 ya durƙushe a 1993. Matsalar iri ɗaya ce: da bazarar Turawa jirgi ya cika da masu buɗe ido, da hunturu ya yi ta yawo wayam.

Kati a madadin kwabo

A 1999 Sean Collins, wanda shi kansa daga gidan masu fito ya fito, ya kafa kamfanin Thames Clippers tare da abokin aikinsa, da jirgi ɗaya tak. Wannan karon abin ya kama ƙasa, domin tsofaffin matsayan jiragen kaya na gabashin birni sun zama ofisoshi da gidaje, an sami masu zuwa aiki ta ruwa rani da damina. Tun 2020 jiragen suna ɗauke da sunan Uber, bisa yarjejeniyar talla, kuma tun 2022 suna kaiwa daga Putney a yamma har Barking Riverside a gabas.

Yadda baƙo ke biya a yau ya dogara ne a kan kati. An fito da katin Oyster a 2003, aka fara karɓarsa a waɗannan jirage a 2009, daga baya aka ƙara da katin banki da wayar hannu. An kasa kogin shiyya uku, yamma da tsakiya da gabas, kuɗin kuma gwargwadon shiyyoyin da aka ratsa ne. Fasinja zai taɓa katinsa a na'urar da ke mashiga lokacin shiga, ya sake taɓawa lokacin fita, da kati guda, in ba haka ba na'ura ba za ta san inda ya sauka ba, sai ta caje shi fiye da ƙima. Tikitin takarda da ake saya a mashiga ya fi biya da kati tsada. Akwai kuma tikitin yini guda ga mai son hawa da sauka yadda ya ga dama. Inda baƙi suka fi yin kuskure shi ne zaton cewa jirgin ruwa yana cikin iyakar kuɗin yini da hukumar sufurin Landan ta sa wa bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa, wadda in mutum ya kai ta ba a ƙara cire masa komai. Jirgin ruwa ba ya ciki, domin kamfani ne mai zaman kansa. Haka kuma jiragen yawon kallo masu mai bayani, da ke tashi daga mashigai irin su Westminster da Tower, kamfanoninsu daban ne, tikitinsu ma daban, ko da yake sukan tsaya a mashiga guda da jiragen jigila.

In aka auna, an kawar da abin da Saussure ya gani: ba mai yi wa baƙo caa, ba mai ƙara masa kuɗi don ya ji harshensa. To, amma rashin sanin da ake ci da shi bai gushe ba, ya tashi ne daga bakin mai fito ya koma cikin ƙa'idojin kati, waɗanda ɗan gari ya haddace, baƙo kuwa sai ya ga abin da aka cire masa a banki. Wani juyin kuma shi ne na daraja. A 1847 jirgin ruwa shi ne abin hawan mai ɗari, yau kuwa ya fi bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa tsada a kan tafiya iri ɗaya, ana biyan bambancin ne don kujera da iska da kallon gadoji.

Ƙungiyar Masu Fito tana nan a zaurenta da aka gina a 1780 kusa da Billingsgate, tana kuma ɗaukar 'yan koyo, ko da yake tun 2007 lasisin tuƙi ya koma ƙarƙashin tsarin hukumar jiragen ruwa ta ƙasa. Tseren kwale-kwalen da Thomas Doggett, ɗan wasan kwaikwayo daga Ailan, ya kafa wa sababbin masu fito a 1715 shi ma ana ci gaba da yinsa daga Gadar Landan zuwa Chelsea, tafiyar kilomita 7 da 'yan kai, wanda ya ci kuma a ba shi jar riga da babbar lambar azurfa da ake ɗaurawa a dantse.